Daren da Ake Sauya wa Katin Murya Manhaja

 Ku na wannan gefen iyaka masu cewa "babu rezo", da ku na ƙetare masu cewa "babu sabis", yau zancen ya haɗa ku gaba ɗaya, don ciwon ɗaya ne, suna ne kawai ya bambanta.

Na san da yawanku kun taɓa samun ɗan saƙon nan daga kamfanin waya, mai cewa za a yi aikin gyara cikin dare, daga ƙarfe 1 zuwa ƙarfe 4, a yi haƙuri idan an ga tangarɗa. Yawancinmu mukan goge shi mu ja bargo. To, yau so nake in kai ka, mai sauraro, ɗakin da ake wannan aiki, ka ga ɗaya daga cikin abubuwan da ake yi a irin wannan dare, wato sauya manhajar da ke cikin katunan murya. Kada sunan ya ba ka tsoro. Kafin mu rabu za ka gane abin da ya sa injiniya, ko ya daɗe a bakin aiki, gabansa kan faɗi idan wannan daren ya zo.

Mu fara da katin kansa. Idan ka kira ɗan'uwanka daga Ƙonni zuwa Illela, ko daga Maraɗi zuwa Katsina, muryarka ba tsalle take yi daga wayarka ta faɗa tasa ba. Eriyar da ke kusa da kai ce ke ɗaukarta, ta miƙa ta zuwa cibiyar kamfani, ɗaki ne mai sanyi cike da kabad-kabad na ƙarfe, a cikin kowanne an zura alluna masu fitilu kamar yadda ake zura tire a tanda. A nan ake haɗa kira. Wasu daga cikin allunan nan aikinsu murya ce zalla, su ne nake ce wa katunan murya.

Aikin katin murya aikin tafinta ne. Tsofaffin layukan waya suna auna murya sau 8,000 a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma babban layi guda, wanda injiniyoyi ke kira E1, yana ɗaukar kira 30 a lokaci ɗaya. Wayar salula kuwa matse murya take yi ta ƙanƙanta, don ta samu wucewa ta iska. Sababbin hanyoyi kuma suna yanka muryar gunduwa-gunduwa, kamar ƙunshi 50 a kowace daƙiƙa, su tura ta irin yadda ake tura saƙon intanet. Kowa da yarensa ke nan. Katin murya shi ke tsakiya yana juya wannan zuwa wancan. Shi ke kashe amsa-kuwwa, don kada ka riƙa jin muryarka tana dawo maka. Shi ke gane ƙarar maɓalli idan aka ce maka "danna 1 don Hausa". Kati guda kan riƙe ɗaruruwan kira, wani ma dubbai. Kiran da ya tsallake iyaka kuwa, tun da daga kamfanin wata ƙasa zai shiga na wata, da wuya ya isa bai bi ta hannun irin wannan tafinta ba.

A cikin katin akwai manhaja. Ba irin wadda kake saukewa a wayarka ka goge gobe ba ce. Wannan a dashe take cikin ƙwaƙwalwar katin, ko an ɗauke wuta tana nan, ita ke gaya masa yadda zai tashi, yadda zai ji, yadda zai yi magana da maƙwabtansa. Mu ce mata manhajar ciki. Kamfanin da ya ƙera katin kan fito da sabuwa lokaci-lokaci, ko don an gano kuskure a tsohuwar, ko don an gano wata kafa da ɓarayin intanet za su iya shiga, ko don an kawo sabon salon murya mai tsabta. Wani lokaci ma tilas ce, don maƙerin ya ce daga wata kaza ba ruwansa da tsohuwar, idan ta lalace kai ka sani.

To, ina matsalar take? Wayarka idan tana sabunta kanta, sai ka ajiye ta minti goma ka sha shayi. Cibiyar waya ba ta da wannan gatan. Ma'aunin da masu wannan sana'a suka ɗora wa kansu tun zamanin wayar tangaraho shi ne kashi 99.999 cikin 100, wato a shekara guda cur kada na'ura ta tsaya fiye da minti 5 da 'yan daƙiƙoƙi. Kashe kati ka kunna shi sau ɗaya tak na iya cinye wannan rabon gaba ɗaya.

Shi ya sa ba a sa kati shi kaɗai. Tagwaye ake yi. Don saukin magana mu kira su Hassan da Husaini. Hassan yana aiki, Husaini yana zaune a gefe cikin shirin ko-ta-kwana, wutarsa a kunne, kuma duk kiran da Hassan ya karɓa sai ya raɗa masa: layi kaza yana magana da layi kaza, ga inda muka kwana. Suna kuma ɗan taɓa juna a kai a kai, kamar mai cewa "kana nan?" "ina nan". Da zarar Husaini ya ji shiru, sai ya karɓi aikin nan take, kai da ke magana wataƙila ɗan ƙit kawai za ka ji, ko ma ba za ka ji komai ba. A wasu cibiyoyin ba a yi wa kowane kati tagwai, kuɗin ya yi yawa. Sai a ajiye kati ɗaya ya tsaya wa biyar ko goma, kamar safaya ɗaya a motar da ke da taya da yawa.

Yanzu ka lura da wannan, don shi ne zuciyar zancenmu. Tagwaye suna kare ka daga katin da ya ƙone, ko wanda zafi ya kashe, ko wanda tsufa ya cim masa, saboda da wuya su biyun su ƙone a dare ɗaya. Amma ba sa kare ka daga kuskuren manhaja, tun da abin da ke kan Hassan shi ne a kan Husaini. Abin da ya kayar da wannan, yana jiran wancan. Kuma a daren sauyi, da hannunka kake cire kariyar: muddin kana aiki a kan ɗaya, ɗayan shi kaɗai yake, babu mai tare masa.

Mu ɗauka muna cikin ɗakin, ƙarfe ɗaya ta wuce. Injiniya mai hankali ba ya fara taɓa sabuwar manhaja. Husaini yake fara dubawa. Ka san halin safaya: shekara biyu tana ƙarƙashin mota, ranar da taya ta fashe a dajin da ba kowa, ranar ake gane ba iska a cikinta. Katin ko-ta-kwana ma haka, yana iya yin watanni da rauni a jikinsa fitilarsa kuma tana nuna kore, don ba a taɓa ɗora masa kaya ba. Saboda haka masu kula na gaske, kwanaki kafin daren, sukan juya aikin da gangan zuwa kansa su ga ko zai ɗauka. Sai a kwafe duk saitin cibiyar a adana a wani wuri dabam. Sai a tantance fayil ɗin sabuwar manhajar da wata lambar shaida da maƙerin ya bayar, don ko ɗigo ɗaya ya lalace a hanya lambar ba za ta yi daidai ba. Sai a karanta takardar da ta zo da ita, wadda, in faɗa maka gaskiya, ita ce mutane suka fi ƙyuyar karantawa, alhali a cikinta ne ake rubuta cewa daga tsohuwa kaza ba a tsallakowa kai tsaye sai an yada zango a ta tsakiya, ko kuma katin ƙirar farko ƙwaƙwalwarsa ba za ta ɗauki wannan ba.

Idan duk wannan ya yi, Husaini ake fara ba wa. Ana rubuta masa sabuwar manhajar, ya mutu, ya taso. Waɗannan 'yan mintoci su ne mafi tsawo a daren. Idan wuta ta yanke ana tsakiyar rubutu, katin na iya zama bulo, ba ya tashi ba ya amsawa, sai an cire shi an mayar wa maƙeri. Cibiyoyin waya a kan manyan batura masu ƙarfin bolt 48 suke gudana, janareta na bayansu, amma ku da ni mun san halin wuta a yankinmu, mun kuma san batir ma yana tsufa, musamman inda zafi ya yi yawa. Don gudun haka ne katunan kirki ke da ɗaki biyu a ƙwaƙwalwarsu: sabuwa ta shiga ɗaya, tsohuwa na nan a ɗayan, idan sabuwar ta ƙi tashi katin ya koma gidan jiya da kansa.

Husaini ya taso lafiya. Yanzu an shiga wani hali mai wuyar sha'ani: tagwaye biyu, kowa da irin karatunsa. Hassan na magana da tsohon yare, Husaini da sabo. Idan maƙerin ya yi aikinsa da kyau za su fahimci juna, raɗar nan ta ci gaba. Idan bai yi ba, abu biyu ake tsoro. Ko dai Husaini ya kasa gane bayanin kiran da ake ba shi, ya karɓi aiki hannu wofi, duk mai magana a yanke shi. Ko kuma, wanda ya fi muni, su daina jin juna, kowa ya ɗauka ɗan'uwansa ya mutu, kowa ya ce shi ne mai gida. Direba biyu a sitiyari ɗaya ke nan. Akwai ma wani tarko: wasu na'urorin, da sun ga tagwaye sun saɓa, sai su daidaita su da kansu ba tare da an tambaye su ba. Wanda bai kashe wannan saitin ba, sai ya waiwaya ya tarar hanyar komawarsa ta shafe.

Sai juyawa. A nan ana yin lallami. Ana hana sabon kira shiga wajen Hassan, a bar waɗanda ke ciki su gama su watse, kamar yadda ake rufe ƙofar shago a bar masu ciniki su kammala. Amma a ko da yaushe akwai wanda ba ya gamawa. Ku masu kiran dare, samari da 'yan mata, da ku nake. Injiniya na zaune yana kallon layi uku ko huɗu da suka ƙi sauka tun ƙarfe goma sha biyu. Akan sa wa'adi, idan ya cika a juya ko da su. A tsari mai kyau, kiran da ya riga ya haɗu yakan tsira, wanda ke tsakiyar ƙara kuwa, ba a ɗauka ba tukuna, sau da yawa shi ke faɗuwa.

Fitila ta nuna kore ba ita ce shaida ba. Sai an ɗauki waya an gwada da kunne. A kira cikin gida, a kira wani kamfani, a kira ƙetare, a sa na ƙetare ya kira. A saurara ta ɓangare biyu, don cutar da ta fi bin sauyin manhajar murya ita ce wadda kuka sani sarai: "Ina jin ka, kai ba ka ji na?" A danna maɓallai a ga ko ana gane su. Kuma, wannan kada a manta da shi ko da an manta da komai, a kira lambar gaggawa, 112 a Najeriya, 17 da 18 a Nijar, don sau da yawa hanyarta dabam ce da ta sauran kira, tana iya mutuwa ita kaɗai ba wanda ya lura sai mai bukata.

Daga nan sai abin da ya fi wuya ga ɗan Adam, wato barin Hassan a kan tsohuwar manhaja a tafi gida. Barci na idon kowa, komai na tafiya daidai, zuciya na cewa a gama duka a huta. Amma ƙarfe uku na dare ba gwaji ba ne. Gwajin gaskiya sai rana ta yi, kasuwa ta cika, katin ya ɗauki kaya har wuya. Akwai kuskuren da ba ya fitowa sai da cunkoso, akwai wanda ke cin ƙwaƙwalwa kaɗan-kaɗan sai bayan kwanaki ya kayar da kati. Muddin Hassan na riƙe da tsohuwar, juyawa ɗaya ce a koma. Ranar da aka ba shi sabuwar, an ƙone gadar. Gaskiya ne zama da tagwaye masu saɓani shi ma yana da nasa hatsarin, shi ya sa maƙera kan iyakance tsawonsa. Amma tsakanin mai jira kwana ɗaya da mai gamawa cikin awa ɗaya, ni dai na san wanda zan ba amanar layina.

Kada ka ce tsoro ne kawai na masu sana'a. Bari in ba ka labarin da ake koyar da ɗaliban wannan fanni da shi har yau. Ranar Litinin, 15 ga Janairun 1990, a Amurka, kamfanin AT&T yana da manyan na'urorin haɗa kiran nesa guda 114, samfurin 4ESS. A watan Disamban da ya gabata an sa musu sabuwar manhaja, dukkansu, wadda aka yi don ta sa na'ura ta dawo aiki da sauri bayan ta ɗan samu matsala. Makonni suka wuce lafiya lau. Ran nan da rana, wata na'ura a birnin New York ta ga ɗan abin da bai yi mata ba, ta kashe kanta ta sake tashi, aikin 'yan daƙiƙoƙi, abin da aka gina ta ta yi ke nan. Da ta dawo sai ta ci gaba da tura kira ga maƙwabta. A cikin sabuwar manhajar kuwa akwai kalma ɗaya da aka ajiye a inda bai dace ba. Duk na'urar da saƙo biyu suka iske ta a jere, kusa da kusa, tana tsakiyar rubuta cewa maƙwabciyarta ta dawo, sai lissafinta ya rikice. Ta nemi agajin na ko-ta-kwana, shi ma karatunsa ɗaya da nata, abin da ya same ta ya same shi. Sai ta kashe kanta ta taso, tasowarta kuma ta kayar da na gaba, na gaba ya kayar da na gabansa, har abin ya zagayo. Kimanin awa tara ana wannan, kusan rabin kiran nesa na kamfanin bai shiga ba. Ba abin da ya ƙone, ba waya ko ɗaya da ta tsinke. Sai da aka rage yawan saƙonnin da na'urorin ke aika wa juna suka lafa, daga baya aka mayar da su kan tsohuwar manhaja kafin a gyara sabuwar.

Za ka ce wannan tsohon zance ne. To, a ranar 8 ga Yulin 2022 kamfanin Rogers na ƙasar Kanada ya durƙushe, mutum sama da miliyan 12 suka rasa waya da intanet, biyan kuɗi da kati ya tsaya a shaguna, wasu suka kasa samun lambar gaggawa ta 911. Wannan ba katin murya ba ne, na'urorin da ke raba hanya a tsakiyar cibiyar ne, amma halin ɗaya ne. Aikin sabuntawa ne mai mataki bakwai, biyar sun wuce lafiya, sai aka ɗauki na shida da sauƙi, shi kuwa ya zo da ajali. Abin da ya fi ba ni mamaki a labarin: ma'aikatan da za su gyara, layin kamfaninsu ne a wayoyinsu, da ya mutu sai suka sha wuyar samun juna. A Nuwamban 2023 kuma Optus ta ƙasar Ostareliya ta faɗi tun da asuba bayan wani sabunta manhaja, mutum wajen miliyan 10 abin ya shafa, sama da mutum 2,000 suka kira lambar gaggawa ba su samu ba, kuma wasu na'urorin sai da aka tura ma'aikata da ƙafarsu suka je suka tayar da su. Shugabar kamfanin ta ajiye aiki kafin watan ya ƙare.

Ka lura, duk waɗannan mun san su dalla-dalla ne saboda an yi bincike an buga sakamakon kowa ya karanta. A ganina wannan abin koyi ne ga hukumomin da ke sa ido a kan sadarwa a ƙasashenmu, NCC a Najeriya da ARCEP a Nijar da takwarorinsu: idan layi ya ɗauke na awoyi, "muna ba da haƙuri" bai wadatar ba, a faɗi abin da ya faru, ko don injiniyan wani kamfanin ya kauce wa ramin.

Zaɓen daren ma sai an yi tunani. Ba a taɓa cibiya a jajibirin Salla, ko daren da gobe babbar kasuwa ke ci, ko lokacin zaɓe. A watan azumi kuwa, ƙarfe huɗu na asuba gari a farke yake. Kuma shirun dare a nan ba shiru ba ne a ko'ina: Nijar da Najeriya agogonsu ɗaya, amma Gana na bayanmu da awa ɗaya, Sudan na gabanmu da ɗaya, Saudiyya da biyu. Ƙarfe huɗu a nan, mai kira daga Makka gari ya waye masa.

Kai kuma mai sauraro, ga ɗan abin da ke hannunka. Idan saƙon aikin dare ya zo, kuɗin da za ka tura, ko direban da za ka tabbatar ya taso da kaya, yi tun da yamma. Idan gida akwai mai tsohon ciki ko mara lafiya, a tanadi layin wani kamfani dabam a kusa, ko da yake ka sani, sau da yawa kamfanoni kan yi tarayya a turken eriya ɗaya, to layi biyu ba ya maganin turken da ya mutu, yana dai maganin cibiyar da ta rikice. Idan kuma gari ya waye ka ga kira na shiga amma murya ɓangare ɗaya take zuwa, ko kana jin muryarka na dawowa, ko kana danna lamba ba a ganewa, kada ka tsaya ga tsaki. Kira ofishin kula da masu hulɗa, ka faɗi lokacin da abin ya faru, da garin da kake, da layin da ka kira, na gida ne ko na ƙetare. Da irin wannan bayanin ne injiniya ke bin sawun kiran har ya gano katin da ya bi ta kansa, kuma idan Hassan na nan da tsohuwar manhajarsa, a juya masa aikin kafin azahar.

A mako mai zuwa za mu leƙa ƙarƙashin teku, mu ga wayoyin da suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma a watan Maris na 2024, da yadda aka yi ƙasashe da dama suka rasa intanet a rana ɗaya. Masu tambaya a kan shirin yau, ku aiko ta hanyar da kuka saba. A huta lafiya.